Baddala Gwarazan Mujallun Zane Zuwa Fim: Matsalar Biyayya ga Tushe

1.0 Gabatarwa

Tun daga 1941, shekara uku kacal bayan Superman ya fara fitowa a mujallar Action Comics, masana'antar fim ta Amurka ke ɗauko gwarazan mujallun zane tana kai su majigi. A wannan shekara aka fara nuna fina-finan zane mai motsi na Superman waɗanda kamfanin 'yan'uwan Fleischer ya shirya, aka kuma fitar da Adventures of Captain Marvel kashi-kashi a gidajen silima. Mujallun zane su ne waɗanda ake ba da labari a cikinsu ta hanyar jeranta akwatunan hoto a shafi, maganar mutanen labarin kuma a rubuta ta cikin 'yan da'irori kusa da bakin mai magana. Harkar baddala su zuwa fim ta daɗe a gefen kasuwa, amma daga shekarar 2000 ta koma tsakiyarta, har fim ɗin Avengers: Endgame na 2019 ya tara kusan dala biliyan 2.8 a faɗin duniya.

Kusan duk fim irin wannan da ya fito, muhawara guda ce take biyo bayansa: ya bi tushensa ko ya ci amanarsa? Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa tambayar, yadda aka saba yin ta, tana kan zato mai rauni, wato cewa kowane gwarzo yana da matani guda tabbatacce da za a ajiye fim kusa da shi a gwada. Ga mafi yawan gwarazan, babu irin wannan matani. Inda kuma akwai shi, kwafar hotonsa ba ta isa a ce an riƙe amanarsa ba.

2.0 Bitar Ra'ayoyin Magabata

Nazarin baddalawa ya faro ne daga dangantakar ƙagaggen labari da fim. George Bluestone, a littafinsa Novels into Film na 1957, ya kafa hujja cewa kafafen biyu sun bambanta tun daga asalin kayan aikinsu, ɗaya kalma, ɗaya hoto mai motsi, don haka sauyi dole ne da zarar an ƙetara daga wannan zuwa waccan. Geoffrey Wagner a 1975 ya kasa baddalawa gida uku: wadda ta ɗauko labari kusan yadda yake, wadda ta yi masa sharhi ta hanyar sauya wasu sassa, da wadda ta ɗauki ƙwayar tunani kawai ta gina sabon abu. Brian McFarlane a 1996 ya bambance abin da ake iya ɗaukowa kai tsaye, kamar jerin aukuwar al'amura, da abin da sai an sake ƙera shi, kamar muryar mai ba da labari.

Daga shekarar 2000 aka juya wa ma'aunin biyayya baya sosai. Robert Stam ya soki yadda masu sharhi ke amfani da kalmomin ɗa'a irin su amana da cin amana wajen auna aikin fasaha, ya kuma nuna cewa kowane matani yana zance ne da matanoni da yawa da suka gabace shi. Linda Hutcheon, a littafinta A Theory of Adaptation na 2006, ta ɗauki baddalawa a matsayin maimaici wanda ba kwafi ba, aiki mai cin gashin kansa da ake jin daɗinsa saboda haɗuwar sanannen abu da sabo.

A ɓangaren mujallun zane kuwa, Umberto Eco ya lura tun a shekarun 1960 cewa labaran Superman ba sa tsufar da shi, domin kowace fitowa tana ƙarewa ba tare da ta ci daga rayuwarsa ba. Scott McCloud a 1993 ya bayyana muhimmancin ratar da ke tsakanin akwati da akwati, inda mai karatu ke cike motsin da ba a zana ba. Will Brooker ya bi tarihin Batman ya nuna yadda ake ɗaukaka wasu siffofinsa a danne wasu, yayin da Liam Burke a 2015 ya nuna cewa biyayya, ko da masana sun yi watsi da ita, tana nan da ranta a bakin masoya da masu tallar fim. Matsayin Burke ya fi kusa da na wannan maƙala. Abin da 'yan kallo da yawa ke auna fim da shi bai kamata a kawar da kai daga gare shi ba, sai dai a tantance me suke nufi.

3.0 Hanyar Nazari

An bi hanyar kwatanci tsakanin mujallu da fina-finan da aka baddala daga gare su. An raba tushe gida biyu. Akwai rufaffen tushe, wato aikin da ke da farko da ƙarshe da sanannun mawallafa, kamar Watchmen. Akwai buɗaɗɗen tushe, wato labarin da ake ci gaba da bugawa wata-wata shekaru da dama a hannun marubuta da masu zane daban-daban, kamar na Superman da Batman da Spider-Man. A kowane misali an duba matakai uku: zubin labari, kamanni (sutura da siffa da launi), da ginshiƙin hali, wato ɗabi'ar da in an cire ta masu karatu za su ce wannan ba gwarzon da suka sani ba ne.

4.0 Nazari

4.1 Wane Tushe?

Batman ya fara fitowa a Detective Comics lamba 27 a 1939. A labaransa na farko yana kashe abokan gaba, har yakan riƙe bindiga, kafin editocin mujallar su hana hakan a farkon shekarun 1940. Bayan littafin Fredric Wertham na 1954, wanda ya ɗora wa mujallun zane alhakin lalata tarbiyyar yara, kamfanonin suka kafa hukumar tace kansu, labaran Batman suka koma na raha da baƙin halittu daga sararin samaniya. A shekarun 1970 Dennis O'Neil da Neal Adams suka mayar da shi mai binciken laifi cikin dare. A 1986 Frank Miller ya fito da shi dattijo mai zafin hannu a The Dark Knight Returns. Duk waɗannan Batman ne, kuma duk kamfani guda ne, DC, ya buga su.

Wannan tarihi ya rikita hukuncin da aka saba yankewa. Shirin talabijin na 1966, wanda Adam West ya fito a ciki, masoya da yawa na ɗaukarsa a matsayin wasa da mutuncin gwarzon. Alhali in aka ajiye shi kusa da mujallun zamaninsa, za a ga ya bi su sau da ƙafa, har wasu kashi-kashinsa daga mujallun aka ɗauko labarinsu. Fim ɗin Tim Burton na 1989 kuwa an yabe shi da cewa ya dawo da Batman na gaskiya, duk da ya sauya babban jigo: ya mai da abokin gabansa Joker wanda ya kashe iyayen Bruce Wayne, wato Batman, alhali a mujalla wani ɗan fashi ne mai suna Joe Chill. Abin da aka yaba shi ne duhu da tsanani, wato yanayin da aikin Miller ya sa masu karatu suka saba da shi shekara uku kafin nan. Tushen da aka auna fim ɗin da shi bai wuce Batman na shekarun 1980 ba.

Kamfanin DC da kansa ya sha rushe tarihin gwarazansa ya sake ginawa, kamar yadda ya yi da Crisis on Infinite Earths a 1985 zuwa 1986, ya kuma maimaita a 2011. Matsayin waɗannan gwaraza ya fi kama da na Gizo a tatsuniya: kowace mai ba da labari tana da nata zubin, ba a kuma tuhumar ta da saɓa wa wani matani, muddin Gizon ya fito da wayonsa da kwaɗayinsa. Saboda haka Christopher Nolan, a fina-finansa uku na 2005 da 2008 da 2012, bai baddala littafi guda ba. Ya tsinto daga Year One na 1987, da The Long Halloween na 1996 zuwa 1997, da wasu, ya haɗa nasa.

4.2 Abin da Fim Ya Mayar wa Mujalla

Ma'aunin biyayya yana ɗauka cewa ruwa daga mujalla yake gangarowa zuwa fim. Tarihi ya nuna yana komawa baya ma. Superman na 1938 ba ya tashi sama, tsalle yake yi mai nisa. Fina-finan Fleischer ne suka tabbatar da tashinsa a idon jama'a. Dutsen kryptonite da ke raunana shi a shirin rediyo ya fara bayyana a 1943, sai a 1949 ya shiga mujalla. Kogon Batman ya samu gindin zama ne daga fim mai kashi 15 da kamfanin Columbia ya fitar a 1943, kuma saboda siffar ɗan wasan da ya fito a matsayin Alfred, hadimin Batman, a wannan fim aka sake zana hadimin ya zama siriri mai gashin baki, bayan da can mai ƙiba ne.

Haka abin ya ci gaba. Fim ɗin Richard Donner na 1978 shi ya mai da alamar da ke ƙirjin Superman tambarin gidansu a duniyar Krypton, daga baya marubutan mujalla suka karɓa. Harley Quinn a shirin talabijin na zane mai motsi aka ƙirƙire ta a 1992. Bayan fim ɗin X-Men na 2000 ya tuɓe wa gwarazan tufafinsu masu launi ya sa musu baƙar fata, mujallar New X-Men ta 2001 ta bi sahu. Nick Fury kuwa zagaye ya yi: a The Ultimates na 2002 an zana shi da fuskar Samuel L. Jackson, sannan a 2008 Jackson ɗin ya fito a matsayinsa a fim. Abubuwa da dama da masoya ke karewa yau da sunan asali, jiya su ne bidi'ar da wata kafa ta shigo da ita.

4.3 Rufaffen Tushe da Iyakar Kwafar Hoto

Watchmen, na Alan Moore da Dave Gibbons, ya fito cikin fitowa 12 tsakanin 1986 da 1987. A nan akwai matani guda, don haka tambayar biyayya tana da ma'ana. Zack Snyder, a fim ɗinsa na 2009, ya bi hanyar da Robert Rodriguez ya bi a Sin City na 2005: ya ɗauki akwatunan mujallar a matsayin taswirar ɗaukar hoto, ya maimaita tsayuwar mutane da kusurwar kyamara da yawancin maganganu. A matakin kamanni da wuya a sami fim da ya kai shi bin tushe.

Sai dai ƙarfin Watchmen yana cikin tsarin shafinsa. Gibbons ya gina kusan kowane shafi a kan akwatuna tara, uku a jere sau uku, wanda ke ba labarin bugu daidaitacce kamar na agogo, kuma agogo babban jigo ne a cikinsa. Babi na biyar an tsara shi kamar madubi: shafin farko yana amsa na ƙarshe, na biyu yana amsa na kusa da ƙarshe, har a haɗu a tsakiya. Mai karatu na iya juya shafi baya ya tabbatar da hakan da idonsa. A babin da Dakta Manhattan, ɗaya daga cikin gwarazan labarin, ke zaune a duniyar Mars yana ganin jiya da yau da gobe lokaci guda, mai karatu ma haka yake ganinsu, domin akwatunan shekaru daban-daban suna gabansa a shafi ɗaya. Fim ba shi da wannan dama. Hotunansa suna zuwa ɗaya bayan ɗaya, da saurin da darakta ya zaɓa, kuma wanda ya wuce ya wuce. Ƙari a kan haka, kowane babi ban da na ƙarshe yana rufewa da rubutattun takardu na ƙage, kamar yankin littafin tarihin rayuwa ko rahoton likita, ga kuma labarin 'yan fashin teku da wani yaro ke karantawa a bakin titi, wanda ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da babban labarin. Duk an cire su daga fim ɗin da aka nuna a silima.

Sauyin da aka fi yin magana a kansa shi ne na ƙarshen labari. A mujalla, wani daga cikin gwarazan mai suna Adrian Veidt ya jefa wata ƙatuwar halitta da ya sa aka ƙera a kan birnin New York domin duniya ta ɗauka hari ne daga wata duniya ta haɗa kai. A fim, an tarwatsa birane da dama aka ɗora wa Dakta Manhattan laifi. A ra'ayin wannan maƙala, wannan sauyi ƙarami ne, domin dabarar Veidt da tambayar ɗa'a da ke cikinta suna nan. Babban sauyin yana inda ba a cika dubawa ba, wato yadda aka ɗauki faɗa. Moore da Gibbons sun nuna masu rufe fuska a matsayin mutane masu rauni, wasu abin tausayi, wasu abin tsoro, kuma Dakta Manhattan kaɗai ke da ƙarfin da ya wuce na ɗan Adam. Fim ɗin ya ɗauki faɗansu da jinkirtaccen motsi da ƙawa, suna fasa bango da naushi, har ɗan kallo ya yi sha'awar abin da littafin ke so ya ƙyamata. An riƙe hoto, an saki manufa.

Ang Lee ya gwada wata hanyar a Hulk na 2003, inda ya riƙa raba fuskar majigi gida-gida kamar shafin mujalla. Gwajin bai samu mabiya da yawa ba, saboda idon mai karatu shi ke zaɓar inda zai tsaya a shafi, ɗan kallo kuwa ba a ba shi wannan lokaci.

4.4 Ginshiƙin Hali

Idan aka bi ƙorafe-ƙorafen masoya, za a ga na kamanni suna da zafi kafin fim ya fito, amma ba sa daɗewa. An aika wa kamfanin Warner dubban wasiƙun ƙin amincewa da Michael Keaton a matsayin Batman na fim ɗin Burton saboda an san shi da wasan barkwanci, bayan fitowar fim ɗin maganar ta mutu. Wolverine a mujalla gajere ne ƙwarai, Hugh Jackman dogo ne, amma ya riƙe matsayin sama da shekara ashirin. Sam Raimi a 2002 ya sa zaren gizo-gizo yana fita daga jikin Spider-Man, maimakon na'urar da Peter Parker, wato Spider-Man, ya ƙera da kansa a labarin Stan Lee da Steve Ditko na 1962. An yi surutu, amma fim ɗin ya karɓu, domin ya riƙe abin da labarin ya tsayu a kansa: saurayi talaka da ya ƙyale ɓarawo ya wuce, ɓarawon ya kashe kawunsa Ben, nadama ta zame masa dalilin ɗaukar nauyin jama'a.

Ƙorafin da ke daɗewa shi ne na hali. A Man of Steel na 2013 Superman ya karya wuyan Janar Zod, kuma har yau ana muhawara a kai. Masu kare fim ɗin suna da hujja daga tushe, domin a mujallar da John Byrne ya rubuta a 1988 Superman ya zartar wa wani Zod hukuncin kisa. Wannan hujja ba ta gamsar da masu suka ba, kuma dalilin a fili yake. A mujalla, kisan ya zo bayan shekara hamsin ana gina gwarzon da ba ya kisa, kuma labaran da suka biyo baya sun bi shi cikin damuwa har ya yi gudun hijira daga duniya. A fim, ya zo a fitowarsa ta farko, bayan an ragargaza gari. Samun misali a wani shafi na tsohuwar mujalla bai zama biyayya ba, tunda buɗaɗɗen tushe yana da misalin kusan kome. Abin da masu kallo ke aunawa shi ne siffar da ta taru a zukatansu daga dukan kafafe.

4.5 Sauyin da Zamani Ya Tilasta

Wasu sassan tushe ba sa ɗaukuwa. Iron Man na 1963 a yaƙin Biyetnam aka kama shi, fim ɗin 2008 ya mai da wurin Afganistan ba tare da labarin ya girgiza ba. Black Panther, wanda Stan Lee da Jack Kirby suka ƙirƙira a 1966, yana da abokin gaba M'Baku da mujalla ke yi wa laƙabi da biri. Ryan Coogler a 2018 ya jefar da laƙabin, ya mai da shi shugaban ƙabila mai mutunci, ya kuma sa mutanen Wakanda, ƙasar Black Panther, magana da harshen Xhosa na Afirka ta Kudu. Gyaran ba kullum yake dacewa ba. A Doctor Strange na 2016 an guje wa tsohuwar siffar dattijon malami ɗan Tibet ta hanyar ba Tilda Swinton matsayin, sai aka soki fim ɗin da hana 'yan Asiya gurbin da yake nasu.

4.6 Mallaka da Ikon Yanke Hukunci

A baddalar ƙagaggen labari, marubuci ne ake komawa gare shi a matsayin ma'auni. A mujallun Amurka kamfani ne mai gwarzo. Jerry Siegel da Joe Shuster sun sayar da Superman kan dala 130 a 1938, aka cire sunayensu bayan shari'ar da suka shigar a 1947, ba a mayar ba sai bayan yarjejeniyar 1975, lokacin da ake shirin fim ɗin Donner. Bill Finger, wanda ya tsara yawancin abin da aka san Batman da shi, sai a 2015 aka fara rubuta sunansa tare da na Bob Kane. Disney ya sayi kamfanin mujallun zane na Marvel a 2009 kan kusan dala biliyan 4, DC kuma yana ƙarƙashin Warner, don haka mai buga mujalla da mai shirya fim sau da yawa gida ɗaya ne. A irin wannan yanayi, ikirarin biyayya yakan zama kayan talla da ake kai wa masoya a taron mujallun zane na shekara-shekara na San Diego, kamar yadda aka tallata rawayar rigar Wolverine a wani fim na 2024 bayan an ƙi ta a 2000.

Al'adar Turai ta bambanta. Tintin na Hergé, ɗan ƙasar Beljiyam, ya tsaya da rasuwar mai shi a 1983, ba a ba wani ya ci gaba da zana shi ba. Da Steven Spielberg ya haɗa littattafai uku ya yi fim ɗin 2011, masu sharhi sun san ainihin shafukan da za su gwada shi da su, da kuma hannun da ya zana su. Watchmen ya faɗa tsakanin al'adun biyu: rufaffen aiki ne mai sanannun mawallafa, amma mallakar DC. Moore ya ƙi a sa sunansa a fim ɗin 2009, ya kuma nemi a ba Gibbons kasonsa na kuɗi. Kamfanin ya ci gaba da buga labaran share fage a 2012, tashar HBO kuma ta yi shirin ci gaba a 2019, wanda ya bi ƙarshen labarin mujalla ya bar na fim, shi ma babu sunan Moore a jikinsa.